Wa ya kashe Saab? Ta Babanmu na nan a ƙarƙashin darbejiya

Abban_Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya na je Zariya gaida Hajiyarmu, sai ta sake tayar da maganar motar marigayi Babanmu. Saab 900 ce ƙirar 1986, ruwan toka, ya taho da ita daga Jamus bayan ya gama karatu. Tun 2009 take ajiye a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin ƙwai. 'Yan gwangwan sun zo sun yi tayi har sau biyu, Hajiya ta ce a ba su a huta, ni kuma hannuna ya ƙi.

Na buɗe ƙofar direba na zauna. Wallahi shekara da shekaru a rana da ruwa, amma da na ja ƙofar sai ta rufe ɗif, kamar ƙofar ma'ajiyar banki. Ga ramin makulli a ƙasa tsakanin kujeru inda na san shi tun ina yaro, ga carbin Baba har yanzu a rataye a madubi. Na jima a ciki ban fito ba.

Tambayata biyu ce. Ta farko, yaya aka yi kamfanin da ya ƙera irin wannan ƙarfe ya mutu, alhali masu yin motar da ake lotsawa da gwiwar hannu suna nan suna ta ciniki? Ni dai a ganina Amurkawan General Motors (GM) ne suka saye shi suka tsotse shi suka yar. Ta biyu, motar nan za ta tashi kuwa, ko in bi maganar Hajiya?

Dan_Panteka:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Alhaji, don Allah kar ka ba 'yan gwangwan tukuna, su a kilo za su auna maka ita. Na taɓa irin wannan motar guda uku a rayuwata, kuma har yau ban manta da ta farko ba. Ina yaron gareji lokacin, aka ce in buɗe bonet. Na zagaya gaba ina laluben inda zan ɗaga, ashe ita gaba take zamowa sannan ta kifa ta wajen hanci. Da na leƙa sai na ga injin a kishingiɗe, kuma an juya shi baya ya koma gaba: bel-bel ɗin suna can jikin bango wajen direba, kuloci yana gaba wajen lagireto, giyabos kuma yana ƙarƙashin injin. Na ce wa Oga wannan ai wanda ya haɗa ta ya sha wani abu. Ya ce in yi shiru in kalla. A gabana ya canza faifan kuloci bai sauke giyabos ba. Tun ranar na daina zagin mutanen nan.

Shamsu_Kofar_Ruwa:
Alhaji ka bi maganar mahaifiya ka samu lada biyu. Shekarata goma sha tara ina sayar da kayan mota, wanda ya shigo shagona neman kayan Saab bai kai mutum goma ba, kuma babu wanda na sallama da kaya a hannu. Motar da fitilar baya kawai sai an yi waya Turai, wannan ba mota ba ce, amana ce aka ba ka.

Injiniya_Bashir:
Abban_Sadiq, Allah ya gafarta wa Baba. Amma maganar cewa GM ce ta kashe Saab, ban yarda da ita gaba ɗaya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka tambayi kanka, me ya sa tun farko masu kamfanin suka nemi abokin tarayya? Saboda a ƙarshen shekarun 1980 ɓangaren motocin asara yake tafkawa. A ƙarshen 1989 GM ta amince ta sayi rabi a kan dala miliyan 600, sauran rabin yana hannun Investor, kamfanin zuri'ar Wallenberg, attajiran ƙasar Suwidin. A 2000 ta ƙarasa sayen ragowar a kan dala miliyan 125 kacal. Dubi bambancin kuɗin rabin farko da na biyu, shi kaɗai ya isa ya gaya maka halin da ake ciki.

Matsalar Saab ƙanƙanta ce. Shekarar da suka fi ciniki a zamanin GM, wato 2006, motoci kusan 133,000 suka sayar a duk duniya. A shekarar BMW ta haura miliyan ɗaya. To kuɗin zana sabuwar mota, da gwada ta, da ƙera injinan da za su buga jikinta, kusan ɗaya ne ko guda dubu ɗari za ka sayar ko miliyan. Shi mai miliyan ya raba kuɗin a kan motoci da yawa, kai kuma ka ɗora wa 'yan kaɗan. In ka tsawwala farashi mai saye ya ce gara ya ƙara kaɗan ya ɗauki Marsandi, in ka sauke ka faɗi. Shekara ashirin GM ta yi tana riƙe da su, shekarun da aka ci riba a ciki da yatsun hannu ɗaya za ka ƙirga su.

Abban_Sadiq:
Injiniya na ji ka, amma wanda ya karɓi riƙon maraya ya shekara ashirin da shi, yaro ya fito a rame, ai ba za a ce laifin iyayen da suka haife shi ba ne.

Maman_Hanifa_Gbg:
Sannunku. Ni a Gothenburg ta ƙasar Suwidin nake zaune, Trollhättan inda masana'antar take bai fi tafiyar awa ɗaya daga nan ba, don haka maganar nan ta taɓa ni. Bari in fara ba ku dariya. Hunturuna na farko a ƙasar nan, wata abokiyar aikina ta rage mini hanya a tsohuwar Saab ɗinta. Ina sanye da riguna huɗu ina karkarwa. Ba mu yi nisa ba sai na ji kujerar tana ɗumi a ƙarƙashina, ɗumin yana ƙaruwa. Na yi tsuru-tsuru, a raina ina cewa innalillahi, ko dai sanyi ya sa na saki fitsari a motar mutane ban sani ba? Na kasa motsi har muka iso. Da na fita na waiga na shafa kujerar, a bushe. Matar ta gane, ta yi ta dariya har da hawaye, ta ce ai tun farkon shekarun 1970 Saab ke saka abin ɗumama kujera.

Daga baya maigidana ya sayi 9-5 ta hannu, muka yi shekara bakwai da ita. Abin da ya fi so a jikinta wani maɓalli ne da in ka danna da dare duk fitilun gaban direba su mutu sai na ma'aunin gudu kaɗai, don kar haske ya gajiyar da ido. In mai ya kusa ƙarewa sai allurar man ta farka da kanta. A ƙasar da ƙarfe uku na rana duhu ya fara a watan Disamba, wannan ba ado ba ne.

Khalifa_04:
Ku yi haƙuri da tambayar ƙaramin yaro. Ni a wasan kwamfuta na san Saab, jirgin yaƙi. Kenan shi ma kamfanin jirgin ya mutu?

Malam_Nuhu_Tsohon_HM:
Khalifa, tambayarka ta yi kyau. Mai jirgin yana nan da ransa, shi ke ƙera jirgin yaƙin sama Gripen, wanda Afirka ta Kudu da Brazil da Thailand suke amfani da shi. Shi ne ma uban. An kafa shi a 1937 don ya ƙera wa sojan saman Suwidin jirage, saboda ana hango yaƙi na tafe. Da yaƙin duniya na biyu ya ƙare, cinikin jiragen yaƙi ya ja baya, sai injiniyoyin suka juya ga mota. Sun nuna samfurin farko a 1947, a ƙarshen 1949 aka fara ƙera Saab 92. Siffarta kamar an yanko fiffiken jirgi, kuma na farkon duk koraye ne, ba ka da zaɓin launi.

Injinta irin na tsofaffin baburan nan ne da ake zuba wa baƙin mai a cikin fetur, masu hayaƙi shuɗi. Da irin wannan ɗan injin wani direbansu, Erik Carlsson, ya ci tseren Monte Carlo a 1962 da 1963, ya bar manyan motoci a baya. Tun 1990 aka raba gari, motar ta zama kamfani mai zaman kansa, suna kawai suka ci gaba da tarayya a kai.

Direban_Tirela_Maradi:
Malam, to ni ga tawa. Scania nake ja tsakanin Kwatano da Maraɗi. Kan tsuntsun nan mai kambi da ke gaban motata, na gan shi a jikin wata ƙaramar mota a tashar jirgin ruwa, aka ce mini Saab ce. Na ɗauka satar tambari suka yi.

Malam_Nuhu_Tsohon_HM:
Ba sata ba ce, Alhaji direba, auren da ya mutu ne. Saab da Scania sun haɗe a 1969, suka rabu a 1995. Dabbar kuma tambarin yankin Skåne ne a kudancin ƙasar, inda sunan Scania ya samo asali. Taka motar yanzu a gidan Volkswagen take.

Baba_Audu_Ritaya:
Ku bar ni in faɗi tawa kafin ku koma rigimar kuɗi. A 1992 maigidana a wurin aiki ya ba ni makullin Saab ɗinsa ya ce in kai iyalinsa biki Funtuwa. Ban taɓa shiga irinta ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya. Na zauna ina ta soka makulli a gefen sitiyari, babu rami. Na duba hagu, na duba dama, har na durƙusa na leƙa ƙasa. Uwargida tana baya da yara tana kallona. Sai ƙaramar 'yar, ba ta fi shekara shida ba, ta miƙo yatsa ta ce, “Baba direba, ga shi nan kusa da giya.”

Wannan bai ishe ni ba. Muka isa Funtuwa na kashe mota, makulli ya ƙi fita. Na ja, na murɗa, na yi bismilla na sake ja, gumi ya jiƙa mini riga. Na shekara goma sha biyar ina tuƙi a lokacin. Haka na zauna gadin mota har aka gama ɗaurin aure, ko shinkafar ban ci ba, don ina tsoron in bar makulli a jiki. Da yamma wani malamin makaranta ya zo wucewa ya leƙo ya ce in sa ta a ribas. Ina sawa makulli ya zare kamar ba shi ba. Ashe da gangan suka yi, in ka cire makulli giya ta kulle a ribas, ɓarawo ko ya tayar sai dai ya tafi da baya. Ramin kuma sun sauke shi ƙasa ne don in an yi karo kar makulli ya fasa wa direba gwiwa.

Shamsu_Kofar_Ruwa:
Baba Audu ka ga abin da nake faɗa. Motar da sai an yi maka darasi kafin ka cire makulli.

Sani_Columbus:
Ina bayan Abban_Sadiq ɗari bisa ɗari. Injiniya, lissafinka daidai ne amma ka tsallake abin da GM ta yi da sunan. Ni a Ohio nake. A nan jihar, a garin Moraine, aka riƙa ƙera wata jif wai ita Saab 9-7X daga 2005. Chevrolet TrailBlazer ce aka canza wa fuska, aka sauke ramin makulli tsakanin kujeru don a ce Saab ce. Akwai kuma 9-2X, ita kuma Subaru Impreza ce daga Japan aka liƙa mata tambari, har mutane suka riƙa yi mata ba'a suna haɗa sunayen biyu. Wanda yake sayen Saab a ƙasar nan malamin jami'a ne, likita, mai zanen gine-gine, mutumin da ba ya son ya hau abin da maƙwabcinsa ke hawa. Ka kawo masa Chevrolet da hular aro, ka kore shi, kuma mai son Chevrolet bai zo ba. Sannan 9-5 ta farko tun 1997 aka fito da ita, aka bar ta a kasuwa fiye da shekara goma sha biyu ana ta shafa mata hoda, alhali Jamusawa sun sauya nasu kusan sau biyu. Wa ke riƙe da lalitar da za a yi sabuwa? Ba GM ba?

Injiniya_Bashir:
Sani, a kan 9-7X ba ni da ta cewa, abin kunya ne. Amma akwai ɗaya gefen. Dabarar GM ita ce a ɗauki ƙashin Opel, kamfanin motar Jamus da ke hannunta a lokacin, a ɗora wa jikin Saab don a rage kuɗi, kamar yadda 900 ta 1994 ta hau kan ƙashin Opel Vectra. Su kuma injiniyoyin Trollhättan an san su da taurin kai, in aka ba su kaya sai sun bi sun canza abubuwa da yawa sun mayar irin nasu, ragin da ake nema ya tafi. Mu masu hawa mun ji daɗin haka, akanta bai ji ba.

Kuma ka tuna a 2009 GM kanta ta durƙushe sai da gwamnatin Amurka ta ɗauke ta. Pontiac da Saturn da Hummer, 'ya'yanta na cikinta, duk ta rufe su. Wanda gidansa ke cin wuta ba ya tsayawa ɗaukar kayan baƙo.

Hauwa_Lissafi:
Ni abin da ban gane ba shi ne ina gwamnatin Suwidin take? Ƙasa mai arziki haka ta zuba ido?

Maman_Hanifa_Gbg:
Hauwa, ba ta zuba ido gaba ɗaya ba, amma ta ƙi saye. A Fabrairun 2009, lokacin da Saab ta nemi kariyar kotu daga masu bin ta bashi, ministar masana'antu Maud Olofsson ta fito ta nuna cewa gwamnati ba ta da niyyar mallakar masana'antar mota da kuɗin masu biyan haraji. Mutane da yawa a nan sun goyi bayanta, wasu kuma har yau ba su yafe ba. Abin da gwamnati ta yi daga baya shi ne ta tsaya wa kamfanin a kan rancen Yuro miliyan 400 daga bankin zuba jari na Turai.

Injiniya_Bashir:
Daga nan ne labarin ya koma kamar wasan kwaikwayo. Da farko Koenigsegg, masu ƙera motocin tsere 'yan ƙalilan, suka ce za su saya, a Nuwamban 2009 suka janye. A Disamba GM ta ce to za ta rufe. A Janairun 2010 masu Saab a ƙasashe da dama suka fito a jere cikin motocinsu suna roƙon kar a kashe. Sai ga Spyker daga Holan, ƙarƙashin Victor Muller, ta saya a Fabrairun 2010, dala miliyan 74 a hannu, sauran a takardun hannun jari. Spyker fa ko mota ɗari ba ta ƙerawa a shekara, ta ɗauki kamfani mai ma'aikata sama da dubu uku. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

A 2010 motoci wajen 32,000 kawai aka sayar. Kafin tsakiyar 2011 masu kawo kayan haɗi sun daina kawowa saboda ba a biya su ba, layin haɗa mota ya tsaya. Muller ya yi ta zarya Chaina, aka fara magana da Hawtai ta watse, sannan Pang Da da Youngman suka amince su zuba kuɗi.

Sani_Columbus:
Yawwa, ƙarasa mana Injiniya, kar ka tsaya a nan. Wa ya hana? GM ce ta ce ba za ta bari fasaharta da ke cikin sabuwar 9-5 da 9-4X ta faɗa hannun waɗannan kamfanonin ba, don tana da nata kasuwancin a Chaina da take karewa. Rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. Ranar 19 ga Disamba 2011 Saab ta kai kanta kotu ta ce ta karye. In wannan ba kisa ba ne, a gaya mini sunansa.

Injiniya_Bashir:
Na yarda ita ta cire robar numfashin. Abin da nake cewa, mara lafiyan ya daɗe a kwance. Spyker ma ta kai GM kotu a Amurka tana neman dala biliyan 3 a kan wannan maganar, kotu ta kori ƙarar a 2013.

Maman_Hanifa_Gbg:
Ku kuna maganar miliyoyi, ni fuskoki nake tunawa. Akwai wani dattijo da muke haɗuwa a jirgin ƙasa, ya shekara talatin da wani abu yana aikin fenti a masana'antar, babansa ma can ya yi. A bazarar 2011 albashi ya riƙa makara, wata bayan wata. Ya ce mini suna zuwa aiki su zauna, ba abin haɗawa, su share wurin da yake a share. Sanarwar karyewar ta zo saura kwana biyar bikin Kirsimetinsu. Garin Trollhättan duka mutanensa ba su kai dubu sittin ba, ku auna abin da rasa aikin mutum dubu uku yake nufi a wuri irin wannan. Ban ƙara ganinsa a jirgin ba bayan sabuwar shekara.

Gidan tarihin motocin ma saura ƙiris a yi gwanjonsa ɗaya-ɗaya a 2012, sai hukumar garin da kamfanin jirgin da wata gidauniyar Wallenberg suka haɗa kuɗi suka saye shi. Na kai yara. Motar farko ta 1947 tana nan, baƙa, 'yar ƙarama, kamar ƙwaro.

Kakuri_Boy:
Maman Hanifa kin tuna mini da gida. Mu da muka tashi a Kakuri mun san wannan. Lokacin da masaƙu ke aiki, in aka tashi daga aiki kekuna sai sun rufe titi. Ga Peugeot tun 1975 tana fitar da 504, ga Steyr a Bauchi, ga masu haɗa Fiat a Kano, ga Volkswagen a Legas. Su aƙalla sun samu gidan tarihi. Mu ina za ka kai ɗanka ka nuna masa 504 ta farko da aka haɗa a Kaduna?

Hauwa_Lissafi:
Kakuri_Boy, kar ka fara, in muka shiga wannan sai asuba. Ni Volvo nake son a yi mini bayani. Ba ita ma 'yar Suwidin ba ce, ba ita ma Amurkawa suka riƙe ba? Me ya sa tana nan?

Malam_Nuhu_Tsohon_HM:
Hauwa, tambayar da ta fi kowacce wuya kenan ga ɓangarorin biyu. Ford ta sayi motocin Volvo a 1999, ta sayar wa Geely ta Chaina a 2010, shekarar da Spyker ta karɓi Saab. Ford ta yarda a ci gaba da amfani da fasaharta na wani lokaci, wannan hujja ce ga Sani. Amma Volvo ta ninka Saab girma sau uku ko fiye, kuma mai sayenta ya zo da kuɗi na gaske, wannan hujja ce ga Injiniya. Kowa ya ɗauki rabonsa.

Garba_Mai_Shayi:
Ni ban san GM ban san Spyker ba. Abin da na sani, yayana ya yi karo da saniya da dare a hanyar Kaduna zuwa Zariya cikin Saab 9000, saniyar ta hau kan gilashi. Da na ga motar da safe na fara salati, na ɗauka gawa za a nuna mini. Na same shi a zaune a bakin titi yana cin ƙosai, ƙwarzane ɗaya a goshi. Rufin bai lotsa ba.

Abu_Maryam:
Garba, kwanansa ne ke gaba. Ƙarfe ba ya hana ajali.

Garba_Mai_Shayi:
Haka ne Malam, Allah ne ya kare. Amma da a cikin Starlet ɗina yake da ban san wace irin kariya za mu gani ba.

Maman_Hanifa_Gbg:
Garba, ba banza ba. A nan akwai wata dabbar daji mai dogayen ƙafafu, ta fi doki girma, takan faɗo titi. In mota ta buge ta ƙafafun ake sharewa, gangar jikin ta faɗo kan gilashi da rufi. Saboda ita Saab suka riƙa gwada motocinsu da mutum-mutuminta, suna ƙarfafa ginshiƙan gilashin gaba. Saniyar Zariya ta gamu da shirin da aka yi wa wata.

Khalifa_04:
To bayan 2011 shikenan ba a sake yin ko ɗaya ba?

Injiniya_Bashir:
An ɗan yi. Wani kamfani mai suna NEVS, da kuɗin Chaina, ya sayi masana'antar a 2012 da niyyar yin motoci masu lantarki. Sun sake tayar da 9-3 a Disamban 2013, kafin tsakiyar 2014 kuɗi ya yanke, 'yan ɗaruruwa kawai suka fita. Scania tun farko ta hana su tambarin, daga baya kamfanin jirgin ya janye sunan. Sai Evergrande, katafaren kamfanin gine-gine na Chaina, ya shigo a 2019, shi ma bashi ya danne shi. A 2023 aka sallami kusan duk ma'aikatan da suka rage.

Dan_Panteka:
To mu dawo kan motar da ke ƙarƙashin darbejiya, don ita ce a gabanmu. Shamsu, kayan Saab ba su ƙare a duniya ba. Ɓangaren kayan gyaran bai mutu tare da kamfanin ba, ya ci gaba da sunan Orio, kuma Turai cike take da masu tsofaffin kaya. Tsada ce da jira, ba rashi ba. Masu 900 ta bayan 1994 da 9-3 ma suna samun sauƙi, don wasu kayan ƙafa na Opel suna shiga. Ta Alhaji ce dai ba ta da dangi a nan.

Alhaji, ga abin da za ka yi. Kar ka kuskura ka sa batir ka murɗa. Cire fulogogi, zuba ɗan baƙin mai a kowane rami, bar shi kwana biyu, sannan a gwada juya injin da hannu. In ya juya, akwai rai. Tankin mai sai an sauke an wanke, man da ya haura shekara goma ya zama ƙaro. Duba wayoyi, ɓeraye sun fi tsatsa ɓarna. Kuma in za a ja ta, ku sani burkin hannun ƙirar 1986 tayoyin gaba yake kamawa, kar wani ya je yana dukan na baya wai sun ciije. Na ga bakaniken da ya yi haka, ya farfasa abin da lafiyarsa ƙalau.

Shamsu_Kofar_Ruwa:
Kuɗin da zai kashe ya isa ya sayi Corolla mai lafiya ya ba Hajiya canji.

Baba_Audu_Ritaya:
Shamsu, Corollar ce babansa ya koya masa tuƙi a ciki?

Abban_Sadiq:
Na gode ƙwarai jama'a. Injiniya, ka rage mini zafi amma ba ka sauke ni daga ra'ayina ba, har yanzu ina ganin da GM ta bari 'yan Chaina sun saya da yau wani zancen ake. Na kira Hajiya na karanta mata labarin Baba Audu, ta yi dariya ta ce ita ma ranar da aka kawo motar daga Legas sai da Baba ya yi minti goma yana neman yadda ake buɗe bonet, yana cewa kar a faɗa wa kowa. Ta ba ni zuwa bayan Babbar Sallah. In ba ta tashi ba, ta ce kajinta na buƙatar fili.

Dan_Panteka, in Allah ya kai mu Asabar za ka iya zuwa Zariya? Ni zan ɗauki nauyin mota da abinci.

Dan_Panteka:
In sha Allahu bayan azahar. Ka sa a kwashe ƙwan kafin in zo, kuma ka nemo makullin tun yanzu, don in an cire shi tana ribas ko turawa ba za mu iya ba.

Abban_Sadiq:
Makullin na jiki. Tun 2009 ba wanda ya iya cire shi.